Kada Ka Taho, Anwar

"Ba zan kira shi ba, Baffa."

Adawiyya ce ta faɗa, a tsakar gida. Mahaifiyarta Inna Kubura, da ke tankaɗe a bakin ɗakin girki, ta tsaya da rariya a hannu, gari yana zuba a ƙasa ba ta sani ba.

Baffa Ya'u ya ci gaba da miƙo mata wayarsa kamar bai ji ba. Shi ne ƙanin mahaifin Adawiyya, shi ne waliyyinta tun da mahaifin ya rasu, kuma a duk zuri'arsu ta Zango babu wanda ya taɓa ce masa a'a yana zaune a kan tabarmarsa.

"Me kika ce?"

"Na ce ba zan kira shi ba. Ka yi mini aikin gafara."

Tana durƙushe a gabansa, farar rigar aikinta tana leƙowa ta ƙarƙashin hijabi, don saukowarta ke nan daga asibitin da take ba da magani a Daura aka ce Baffa yana nemanta.

Baffa ya ajiye wayar a kan tabarma a hankali.

"Abin da na ce ba mai wuya ba ne. Ki kira yaron nan Anwar, ki ce waliyyinki ya ce ya zo kafin Babbar Sallah. Ya zauna a nan in ga ƙwayar idonsa. In ya zo, a ɗaura. In bai zo ba, kowa ya kama gabansa."

"Baffa, ai wakili yana karɓar aure. Kawunsa ya ce zai karɓa masa, malamai ma sun ce ya halatta."

"Na san ya halatta. Da wakili na aurar da Murja."

Babu wanda ya waiwaya, amma kowa ya san Murja tana tsaye a bayan labulen ɗakinta. 'Yar Baffa ce ta cikinsa. An ɗaura mata aure da wani da ke aiki a Turai, aka sha biki, aka kai kaya ɗakin da babu ango. Shekara da shekaru ke nan, ita ba matar aure ba, ita ba bazawara ba. Tun daga kanta Baffa ya rantse ba zai sake ba wa mijin waya 'ya ba.

Adawiyya ta ɗago kai.

"Baffa, ka saurare ni ko sau ɗaya. Zaman da yake yi a Amurka na aiki ne, na wucin gadi. Bizar da aka buga masa a fasfo ta ƙare. Kamfaninsu ya nema masa sabuntawa, takardar amincewa ba ta fito ba tukuna. Yana iya zama can yana aikinsa yana jira, amma ranar da ya sa ƙafa ya fito, ba shi da abin da zai nuna ya koma. Sai takardar ta fito, sai ya samu ranar intabiyu a ofishin jakadanci, sai sun yarda. Suna iya riƙe fasfon mutum wata da watanni su ce bincike suke. Kamfani ba zai ajiye masa kujera yana jira ba."

Baffa ya yi dariya, irin wadda ba ta kai ido.

"Iyaka za ki koya mini? Ni da na yi furfura a kan hanyar Magarya? Ta garin Babban Mutum nake tsallaka iyaka da shanu, in dawo in yi la'asar a ƙofar gidana. Ko lokacin da aka rufe boda, aka ce ko kaza kada ta wuce, kin ji mun daina zuwa? Mai son zuwa ba ya rasa hanya."

"Can babu hanyar daji, Baffa. Babu ɗan acaɓa da zai zagaya da shi."

"Ke!" Inna Kubura ta yar da rariya. "Baffan naki kike mayar wa magana? Bokon ke nan?"

Baffa ya ɗaga mata hannu. Ya dubi Adawiyya ya daɗe.

"Ga Saminu nan na Mashi, ɗan abokin cinikina na shanu. Duk Lahadi a kasuwar Mai'adua sai ya zo ya durƙusa ya gaishe ni. Shi ba ya neman izinin Bature kafin ya zo Zango. Ba zan yi miki dole ba, ke ba yarinya ba ce. Amma ba zan ɗaura miki aure da waya ba. Tashi ki ba ni wuri."

Ta tashi. Sai da ta shiga ɗaki ta ga tafin hannunta ya yi shatin farce.

Inna ta biyo ta, Murja a bayanta.

"Me zai ci ki in kin kira shi?" Inna ta ce, idonta ya ciko. "Kalma ɗaya ce, ya zo. In ya ƙi, laifinsa ne, ba naki ba."

"Inna, matsalar ke nan. Ba zai ƙi ba."

"To alhamdu lillahi mana!"

"In ya zo ya maƙale fa? Shekarun da ya yi yana karatu yana wanke-wanke a gidan abinci don ya kai inda ya kai, su tafi a banza saboda ni? Mahaifiyarsa da ƙannensa duk shi suke kallo. In aure shi in zauna ina kallonsa yana zagaye gari ba aikin fari ba na baƙi, ina sane ni na jawo?"

Murja ta zauna a bakin gado. Tun da aka fara maganar auren nan ba ta taɓa sa baki ba, sai yau.

"Ki kira shi, Adawiyya."

"Yaya Murja, har da ke?"

"Nawa ma takarda ya ce yana jira."

"Ni na ga takardun da idona. Ya turo mini komai, har bayanin da lauyar kamfaninsu ta yi masa."

"Ni ma an turo mini hotuna." Murja ta yi murmushi mai ciwo. "Har hoton ɗakin da zan zauna aka turo mini, da labule ruwan hoda. Ba na ce naki irin nawa ba ne. Amma ni da a ce na san yau za ta zo, da na ce ya zo ko da zai rasa komai. Gara miji matalauci da kike jin tarinsa a ɗaki."

Adawiyya ta buɗe baki ke nan wayarta ta ɗauki ƙara. Anwar ne. Ta zari wayar ta fita bayan ɗaki, wajen turken awaki, inda babu mai ji.

Fuskar Anwar ta cika wayar. A can safiya ce, yana cikin mota da rigar sanyi, yana murmushi har kunne.

"Amarya, kin sha ƙamshi. Ina da albishir, me za ki ba ni?"

"Injiniya, ba ni da lafiyar wasa yau."

"Na sani. Kawu ya kira ni, ya ce Baffanki ya yi masa magana tun shekaranjiya. Kada ki damu, na gama komai." Ya ɗaga gira. "Na sayi tikiti. Mako mai zuwa ina Kano."

Ta dafa bango, ta zame ta zauna a kan turmin da aka kife.

"Ka sayi me?"

"Tikiti. Ke, wannan wace irin fuska ce? Na zaci guɗa za ki yi."

"Takardar ta fito?"

Ya kau da kai.

"Tana hanya."

"Ta fito ko ba ta fito ba?"

"Ba ta fito ba. Amma za ta iya fitowa ina gida, sai su turo mini."

"In ba ta fito ba fa? In suka nemi ƙarin bayani? Ka samu ranar intabiyu? Kamfani sun ba ka wasiƙar da ke nuna har yanzu kana aiki da su? Ka gaya wa lauyar?"

"Adawiyya, tambayar kabari kike mini?"

"Ka gaya mata?"

"In na gaya mata cewa za ta yi kada in tafi. Aikinta ke nan, tsoratar da mutane. Na ɗauki hutun mako uku, na ce musu uzurin iyali ne."

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un."

Hawayen da ta riƙe a gaban Baffa suka ɓalle. Ta sa bayan hannu ta share, wasu suka biyo.

"Ka manta Sadiq na unguwarku? Ta'aziyyar mahaifinsa ya zo daga Amurkar nan, da ƙaramar jaka, ya ce wa mutane sati biyu zai yi. Yau ina yake? Kullum in na fito daga asibiti ina ganinsa a shagon cajin waya na ƙaninsa, yana duba saƙo ko an ce ya zo ya karɓi fasfo. Shi fa da takardarsa a hannu ya zo. Kai ko ita ba ka da ita."

"Kowa da ƙaddararsa. Wasu sun zo sun koma lafiya."

"Sun zo da shirinsu."

"To in zauna in ji an ba wa mai shanu ke?" Muryarsa ta tashi. "Kin san abin da Kawu ya ce mini? Ya ce ana cewa a gari ni ma irin mijin Murja ne. Ni! Aiki ana samun wani. Ke fa?"

Ta runtse ido. Wannan ce maganar da duk macen duniya take so ta ji, kuma ita ce maganar da ta fi tsoro. Ta san shi. In ta yi laushi ko kaɗan, jirgi zai hau.

Tun da suka haɗu ba ta taɓa kiran sunansa gatsal ba. Yau ta kira.

"Anwar, kada ka taho."

Ta dubi fuskarsa a wayar ta ci gaba.

"Wallahi tallahi, in ka taho kafin takardar nan ta fito ka samu ranar intabiyu, ba zan fito maka ba. Ko Baffa ya yarda, ni ba zan yarda a ɗaura ba. Na rantse."

Murmushin ya gama bushewa a fuskarsa. Ya dube ta kamar yau ya fara ganinta.

"Kin rantse."

"Na rantse."

"Mutum ya ce zai bar komai ya zo gare ki, ki tare shi da rantsuwa." Ya gyaɗa kai a hankali. "Shi ke nan. Zan mayar da tikitin. Na gode da kika nuna mini aikina ya fi ni daraja a wurinki."

"Ba haka ba ne, ka tsaya ka..."

Wayar ta yi duhu.

Ta daɗe a kan turmin, awaki suna jan gefen hijabinta ba ta ji ba.

Kwanakin da suka biyo baya ta kira shi har ta gaji, ba ya ɗauka. Ta yi zaton wannan shi ne ƙarshen abin da za ta gani. Ashe somin taɓi ne.

Ranar Asabar ta dawo daga aiki da rana tsaka, ta tarar da a-kori-kura a ƙofar gidansu. Ana sauke kaya ana shiga da su zaure. Huhun goro, katan-katan na alawa da biskit, buhun dabino. Ta tsaya turus. Irin kayan nan ta san su. Su aka kawo daga gidan su Anwar ranar sa rana, aka rarraba wa dangi daga Zango har Babban Mutum, kowa ya ci ya sa albarka. An daɗe da cinye su.

Wani mutum dogo cikin shadda ruwan ƙasa ya zagayo daga bayan motar yana kaɗa makulli. Saminu ne.

"Malama likita, barka da dawowa."

"Kayan mene ne wannan?"

"Ni dai Baffa ya ce in taimaka masa da mota daga kasuwa." Ya sosa ƙeya yana ɓoye murmushi. "Kin san al'ada. Abin da aka ci ba ya dawowa daga ciki, sai a sayi madadinsa a mayar wa masu shi. Ya ma zaɓi goro mai kyau, fari ƙal, kada a ce an rage musu."

"Kai kuma ka ga hanyar lada."

"Ni mai zuwa ne in an kira ni. Ko ba a kira ni ba ma ina zuwa."

"To ka ci gaba da zuwa. Zaure dai ba ya korar kowa, amma daga nan ba ka wucewa."

Ta ratsa shi ta shige.

Baffa yana tsaye a tsakar gida, hannu a baya.

"Baffa, ai Sallah ba ta zo ba! Ka ce kafin Sallah!"

"Na ce." Ya juyo. Abin da ta gani a fuskarsa ba fushi ba ne, mamaki ne. "Kawun yaron ya same ni jiya bayan Juma'a. Ya ce yaron ya sayi tikiti, ya shirya zai zo ya durƙusa a gabana. Ya ce ke kika rantse kika hana shi. Na ce ƙarya ne, 'yar ɗan'uwana ba za ta yi haka ba. Gaskiya ne?"

"Gaskiya ne, Baffa. Amma dalilin..."

"Ashe zaluntar yaron na yi a zuciyata. Shi ɗan halak ne, ya amsa kira. Ke ce ba kya so."

"Ina so! Wallahi ina so!"

"Wadda take so ba ta rufe wa miji ƙofa. Na zauna da mutane lafiya shekara da shekaru, ba zan riƙe musu goro ina wasa da hankalinsu ba. Gobe da safe a mayar."

Inna Kubura tana zaune a bakin ƙofa, ta rufe fuska da mayafi tana kuka marar sauti. Murja ta dubi Adawiyya sau ɗaya ta saki labule.

Washegari aka mayar da kayan. Kafin azahar labari ya gama Zango, kafin la'asar ya isa Daura. Wasu suka ce ta samu wani likita a wurin aiki. Wasu suka ce kuɗin mai shanu ne ya ruɗe ta.

Ranar Litinin da ta tashi daga aiki ba ta nufi tasha ba. Ta hau keke napep ta ce a kai ta gidan Hajiya Barakatu, mahaifiyar Anwar, a nan cikin Daura. Ba baƙuwa ba ce a gidan. Ita take kawo wa Hajiya maganin hawan jini duk wata, Hajiya kuma ba ta kiranta da komai sai 'yata. In akwai mai fahimtarta a duniya, ta ce a ranta, uwar da ta haife shi ce.

Ta yi sallama. Kayan suna jibge a gefen falo, ko buɗe su ba a yi ba. Hajiya tana zaune a kan darduma da carbi.

"Wace ce?"

Adawiyya ta yi mamaki, don a tsakiyar ƙofa take tsaye, hasken rana yana kanta.

"Ni ce, Hajiya. Adawiyya."

"Shigo, yarinya."

Kalmar ta soke ta. Ta durƙusa ta gaishe ta, ta fara bayani tun daga bizar da ta ƙare har zuwa Sadiq, tana yi tana share hawaye. Hajiya ba ta katse ta ba. Da ta gama, tsohuwar ta ajiye carbi.

"Matso kusa. Ƙara matsowa. Ta wannan gefen."

Ta matsa har gwiwarta ta taɓa dardumar. Hajiya ta karkata kai, ta dube ta da idon dama kaɗai.

"Daga nan nake ganinki. In kika ja baya kaɗan, inuwa ce. Na hagu ya tafi tun azumi. Likitan ido ya ce hawan jinin ido ne, abin da ya tafi ba ya dawowa, na daman ma yana rufewa ta gefe-gefe, kamar ana jan bakin jaka."

Adawiyya ta dafe ƙirji.

"Hajiya! Tun azumi? Ina zuwa gidan nan, ba ki taɓa..."

"Da na gaya miki, da kin gaya masa."

"Bai sani ba?"

"Bai sani ba, kuma ba zai sani ba. Uwa ba ta janyo ɗanta daga neman abincinsa da ciwonta. In na ce ya zo don idona ya rasa aikinsa, har in mutu ina jin nauyin abin." Ta gyara zama. "Da aka ce mini Baffanki ya kafa sharaɗi, mutane suna ta ɓacin rai, ni kuwa na shiga ɗaki na yi sujada. Na ce Allah ya kawo mini shi ba da bakina ba. Zai zo don aurensa, in gan shi a cikin babbar riga, in ga ko ya yi ƙiba, in ga gemun da ake ce mini ya tara. A waya ba na ganin komai sai haske. Har na sa an gyara masa ɗaki."

Kuka ya ƙwace wa Adawiyya. Ta kifa kai a gefen dardumar.

"Ban sani ba, Hajiya. Wallahi ban sani ba."

"Yanzu kin sani." Hajiya ta lalubo wayarta a ƙarƙashin filo ta miƙo. "Kira shi. Ki ce kin janye rantsuwarki, za ki yi kaffara. Ba sai kin faɗi dalili ba. Zancen idona kuwa, in kika gaya masa ban yafe miki ba. Ki ce kawai ya taho. Goro ga shi nan ba a taɓa ba, gobe sai a sake kai shi Zango."

Adawiyya ta dubi wayar. Komai yana cikinta. Aurenta, fuskar Baffa, barcin Inna, muryar Anwar, da idon tsohuwar nan. Hannunta ya ɗaga da kansa har ya kusa taɓawa.

Sai ta tuna yadda Sadiq yake sunkuyar da kai in ya hango wanda ya san shi.

Ta mayar da hannun cinyarta.

"Hajiya, ki yafe mini. Ba zan iya ba."

Tsohuwar ta yi kamar an watsa mata ruwan sanyi.

"Ba za ki iya ba?"

"In ya taho yanzu, da wuya ya koma. Zai zauna a ɗakin da kika gyara masa, wata ya bi wata, kina jin sa yana juyi. Maganinki, karatun ƙannensa, duk a wuyansa suke. Ranar da ya gane kin ɓoye masa ciwo, ya ga kuma ba shi da abin da zai kai ki asibiti da shi, wannan zai fi makanta yi miki ciwo. Ki ba ni dama. Gobe zan ɗauki hutu in kai ki Kano wurin manyan likitocin ido, akwai magani da aikin da ke rage saurin abin. Akwai kuma hanyar da kamfani ke nema a hanzarta duba takarda, zan rubuta masa ya roƙe su ko ba zai amsa mini ba. Ranar da takardar ta fito, ya samu ranar intabiyu, ya haɗa wasiƙar kamfani, wallahi ni zan fara cewa ya taho."

"In idon bai jira takarda ba fa?"

Adawiyya ta sunkuyar da kai.

"Na tambaye ki, mai ilimi. In bai jira ba fa?"

"Ban sani ba, Hajiya."

Hajiya Barakatu ta janye wayar a hankali ta mayar ƙarƙashin filo. Ta ɗauki carbinta, ta juya fuskarta ga bango.

"Kanon zan je, don ba ni da wani mai kai ni. Amma a mota kada ki yi mini magana. Ja mini ƙofar in kin fita."

Ta fito. Rana tana nan yadda ta bar ta, masu kayan miya suna ta ciniki a bakin titi, kamar ba abin da ya faru. Ta tsaya a jikin katanga ta rubuta wa Anwar saƙo a kan hanzarta takardar. Alama ta nuna ya karanta. Ta jira. Bai amsa ba.

A tasha ta samu kujerar baya a motar Zango ta zauna, ta jingina kai da gilashi. Ta tambayi zuciyarta ko da za a mayar da ita gaban tabarmar Baffa za ta canza amsa, zuciyar ta ce a'a, kuma wannan bai rage mata zafi ko kaɗan ba.

Anwar yana da aikinsa. Ita kuwa ta rasa baikonta, ta rasa yardar waliyyinta, ta rasa sunanta a gari. Wanda ta yi dominsa ba ya ɗaukar wayarta, kuma an ɗaure bakinta daga faɗa masa abu ɗaya da ya fi cancanta ya sani. In idon Hajiya ya rufe kafin takarda ta fito, uwa ba za ta sake ganin ɗanta ba har abada, kuma Adawiyya ta san wanda za a ce ya jawo. Ita ma, a ranta, ba ta da wani suna da za ta kira sai nata.